Malam Muhammadu Bakatsine, Mai Lissafin Hatimi

Sa'ad da saƙon Edita ya iske ni gida a Bolori, wai in rubuta labarin wani babban mutum na da domin shafin Hausa, ban yi dogon tunani ba. Da ma akwai wani malami da ya daɗe a raina, tun ran da aka ɗora mini aikin duba masu digirin lissafi waɗanda a ke shiryawa su koyar a kwaleji. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, ya rasu a birnin Alƙahira na Masar cikin shekarar 1154 ta Hijira, watau 1741. Larabawa al-Kashnawi su ke rubuta shi, ni kuwa Malam Muhammadu Bakatsine zan riƙa ce masa.

Kafin in shiga labarinsa bari in fara tona asirin kaina, don ku san abin da ya haɗa ni da shi. Shekarar da na gama jami'a aka tura ni wata kwaleji in koyar da lissafi. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda a ke tsayawa gaban aji, ni ma ban ga ina bukata ba, tun da ga takardar shaida a hannu. Ranar farko na ɗauki alli na cika allo, na share, na sake cikawa, har sau uku, na gama aikin mako guda cikin minti 40. Ina kakkaɓe hannu ina jin kaina wani shaihi, sai wata ɗaliba can baya ta ɗaga hannu, ta roƙe ni in nuna mata yadda layi na biyu ya fito daga na farko. Na juya na dubi allon, na daɗe ina dubansa. Wallahi ban sani ba. Abin da ya faru shi ne, muna aji uku a jami'a na ari littafin rubutun wani abokina, na haddace abin da ke ciki, na ci jarrabawa, na mayar masa da kayansa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, ran nan kuwa na ga gaskiyarsu a gaban aji guda cur.

Har yau kowace shekara ina ganin ƙannena suna faɗawa ramin da na faɗa. Mutum ya zo da digiri mai kyau, ba shakka ya iya warware lissafi, amma in an ce ya sa wani ya gane sai abin ya gagara. A wurinmu kuwa ɓarnar ta fi yawa, gama ɗalibanmu su ne malaman gobe. Wanda muka cusa wa hadda ba fahimta, ita zai kai wa yaran firamare, su kuma su taso suna tsoron lissafi kamar dodo. Dalili ke nan da na ke so mu dubi yadda aka reni wannan malami har ya zama abin da ya zama.

Mafi yawan labarinsa daga littafin tarihin Abdurrahman al-Jabarti ya fito, wani mutumin Masar da ya rasu a 1825. Shi al-Jabarti bai taɓa ganin Malam da idonsa ba, sai bayan rasuwarsa da shekara goma sha wani abu aka haife shi. Amma a gidan ubansa Malam ya cika, nan kuma littattafansa suka zauna. Daga kundin da Malam ya rubuta sunayen malamansa, da abin da ya karanta wurin kowannensu, al-Jabarti ya kwaso labarin.

Ana danganta Malam da garin Ɗan Ranko na ƙasar Katsina. A zamanin da ya tashi, watau tun ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, Katsina ta riga ta yi suna wajen fatauci da malanta. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da gishiri da takarda da littattafai, almajirai kuma suna zuwa daga nesa. Ba a daɗe da wucewar zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani ba, shi Ɗan Masani a 1667 ya rasu, asalin iyayensa kuwa daga nan Barno ne.

Malamai huɗu ya ambata waɗanda ya yi karatu wurinsu tun bai bar ƙasashenmu ba. Akwai Shaihu Muhammadu Alwali, wanda a ke dangantawa da Barno da Bagirmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fodiyo. Wannan suna na ƙarshe laƙabi ne da a ke ba babban malami, ba mutum ɗaya ke da shi ba. To, wurin wannan Fodiyo ne Malam ya ce kansa ya fara buɗewa. Wajen shekara huɗu ya yi yana manne da shi, in yana gida yana gefensa, in ya tashi tafiya yana biye da shi, har ya ƙware a sarfu da nahawu.

Ku lura da shekara huɗun nan. Almajirin da ya yi shekara huɗu yana ɗaukar wa malami gafaka, ba karatun littafi kaɗai ya ke kwasa ba. Yana ganin yadda malam ke buɗe darasi, da yadda ya ke yi da mai saurin ganewa da mai nauyin kai, da abin da ya kan yi in an yi masa tambayar da ba shi da amsarta a lokacin. Ran da aka ce ya zauna ya ba ƙannensa karatu, ba baƙon abu ba ne a gare shi. Mu kuwa 'yan makonni mu ke tura mutum gwajin koyarwa, mai dubawa ya leƙa shi sau biyu ko uku, ya cika takarda, shi ke nan an yaye malami. Ba na cewa mu koma bin malamai a ƙasa daga gari zuwa gari. Amma ina ganin babu abin da zai hana sabon malamin lissafi ya yi zango guda yana zama bayan ajin wani tsohon hannu, kafin a sakar masa nasa ajin.

Akwai wani ɗan labari cikin zaman nan nasu wanda ya fi kome burge ni. Da fari malaminsa laƙabin Mai Maƙamat ya sa masa, saboda ya haddace littafin nan na Maƙamat hadda mai ban tsoro, har in ka jefa masa kalma guda daga ciki sai ya kawo maka abin da ya gabace ta nan take, ba ya ko tsayawa tunani. Duk wanda ya taɓa hadda ya san ci gaba daga kalma abu ne mai sauƙi, komawa baya shi ne aiki. Amma sai daga baya, bayan da ya ƙware a nahawu, malamin ya sake masa suna, ya koma kiransa Sibawaihi, watau sunan babban malamin nahawun nan na Basra, wanda shi ma ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne. Ni abin da na gani a nan shi ne, malamin ya san hadda dabam, sanin dalili dabam. Ya yaba wa yaron a kan ta farko, amma bai ba shi babban suna ba sai da na biyun ya samu. Ya kuma san almajirinsa sani na ƙwarai har ya ga ranar da ya haye daga wannan zuwa wancan. Mu nawa ne za mu iya faɗin haka game da ɗalibi ko guda cikin ajinmu? Ni a ranar nan tawa ta farko Mai Maƙamat ne kurum, shi ma na aro.

Lissafi kuwa wurin Shaihu Muhammadu Bindu ya same shi. Ya karanta hisabi da ilmin lokatai bisa hanyar malaman Magrib, da ilmin haruffa da na hatimi. Wurin wannan malami har wa yau ya karanta usulu da balaga da mandiƙi, ya saurari Buhari, ya karanta babban rabo na Muhtasar. A zamanin nan ba a ware lissafi gefe guda ba, gama duk mai son raba gado daidai, ko fitar da zakka, ko sanin shigar lokacin salla da inda alƙibla ta ke, dole ya bi ta kansa. Almajiri ya san abin da zai yi da lissafin tun kafin a koya masa, wannan kuwa rabin aikin malami ne. Wani abu kuma da ya kamata masu cika takardar neman aiki su ji, cikin kundin nan nasa in littafi bai sauke shi ba, ba ya cewa ya sauke. Ya kan rubuta daga babi kaza zuwa babi kaza, wani littafin ma ya ce wajen sulusinsa kaɗai ya karanta. Ya kuma ambaci cewa ya kwashi labaru da hikayoyi da tarihin malamai masu yawa daga bakin Shaihu Bindu, watau hirar da a ke yi a gefen karatu ita ma bai raina ta ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓe shi. Malam ya kan faɗa, yana mai godiya ga Allah, cewa bai taɓa yin karatu da littafin aro ba. In zai karanta littafin da ba shi da shi, mafi ƙanƙantar abin da ya kan yi shi ne ya zauna ya kwafe matanin duka da hannunsa, yana barin fili mai faɗi tsakanin layi da layi. Cikin filin nan ya ke rubuta abin da ya tsinto daga sharhohi, da bayanin da ya ji daga bakin malami lokacin karatu. In kuwa ya sami hali, har sharhin da hashiyar ya kan kwafe gaba ɗaya. Ku tuna fa takarda a lokacin nan daga ƙetaren Sahara a ke kawo ta a kan raƙumi, tsada gare ta. Mutumin da ya yarda ya bar rabin shafi fari, lalle ya san darajar abin da zai shiga wurin.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin zaure, a nan Yerwa ko a Kano, ya ga irin wannan rubutu: matani da manyan baƙaƙe, tsakanin layuka kuma 'yan ƙananan kalmomi, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da harshen gida. To, littafin lissafi ya fi kowane littafi bukatar wannan fili. Mai littafi ya kan rubuta layi na farko, ya tsallake matakai uku, ya rubuta na biyu, ya ce wai a bayyane ya ke. A wurinsa a bayyane ya ke, amma ɗalibi a tsakanin layukan nan biyu ya ke ɓata. Aikin malami duka a wurin nan ya ke. Wanda bai taɓa zama ya cike wa kansa tsakanin layukan da hannunsa ba, ba shi da abin da zai ba ɗalibar da ta ɗaga hannu. Yau kuwa aro ya yi sauƙi fiye da kowane zamani. Mutum ya ɗauki hoton shafi da waya, ko ya sauke bayanin wani daga intanet, ya shiga aji da shi bai ko karanta shi sau biyu ba.

Malam ya ce zamansa da iyalinsa lafiya lau ne, ba abin da ya kore shi daga gida sai son ilmi. Ya nemi izinin malaminsa, ya kama hanyar gabas. Ya ratsa ƙasashe da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu, ya kuma rubuta labarin tafiyar. A ƙasar Barno ya yada zango har wata biyar wurin wani malami, ya karanta ilmin bugun ƙasa da waɗansu littattafan hisabi. Abokan aikina Barebari, in mun zo nan cikin hira, su kan ce ai ga shaida, Bafillace bai iya ƙirga shanunsa ba sai da ya zo Barno. Wasan da ke tsakani ne, ba na shiga. A lokacin nan Birnin Gazargamu ne babban birnin Barno, Yerwa da mu ke ciki sai a 1907 aka kafa ta. Bayan shekara 200 sai hanyar ta juya, samarin Barno suka riƙa tafiya Kwalejin Katsina koyon aikin malanta. Cikinsu akwai Kashim Ibrahim, wanda ya gama a 1929 ya komo gida ya kama koyarwa, wanda kuma kwalejin horon malamai ta Maiduguri ke ɗauke da sunansa.

Ya yi aikin hajji a shekarar 1142, watau 1730, ya zauna Makka ɗan lokaci. Can ya fara rubuta babban littafinsa Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, ya ƙare shi a Masar cikin watan Rajab na 1146. Littafinsa na haruffa da hatimi kuwa, Bahjatul Afaƙ, a 1145 ya kammala shi. Yana da littafin nahawu, yana kuma da waƙe a kan mandiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wanda ya koma ya yi wa sharhi da kansa, sharhin ya kai wajen kurasa 60. Sunan da ya sa wa sharhin nan ya kan ba ni dariya, gama ma'anarsa kawar da murtukewa daga fuskar littafin. Wanda ya sa wa littafi wannan suna, lalle ya sha zama gaban almajirai yana kallon fuskokinsu.

To, mene ne hatimin nan? Kowa ya taɓa ganinsa a allon malaman tsibbu: murabba'i ne da aka raba gida gida, a zuba lambobi ciki, yadda in ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Ƙaraminsu shi ne mai gida 3 sau 3:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ko'ina ka tara 15 ne. Yaro ya iya haddace wannan cikin minti guda, amma na sha jarraba masu digiri da tambaya biyu a kansa. Don me 15, ba 14 ko 16 ba? Don me kuma 5 ce a tsakiya kullum? Da yawa su kan yi shiru, ga shi kuwa amsar ba ta wuce ƙarfin ɗan firamare ba. In ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45, layi uku ne a kwance, kowanne kuma daidai da ɗan'uwansa, saboda haka kowanne 15. Gidan tsakiya kuwa layi huɗu ne ke ratsa shi, jimlarsu 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Ka ɗebe 45 daga 60, saura 15, ita ce lambar tsakiya sau uku, watau 5. Da wannan tunani ka ke gane jimlar kowane hatimi ba sai an faɗa maka ba: mai gida 5 sau 5 jimlarsa 65, mai 7 sau 7 kuwa 175.

Malam bai tsaya ga jera wa mai karatu hatimai don ya kwafa ba. Hanyoyin cika su ya bayar, musamman waɗanda adadin layinsu mara ne ba cika ba, irin su 3 da 5 da 7, yadda wanda ya riƙe hanyar zai iya gina nasa kome girmansa. Cikin hanyoyin akwai wadda a ke bin tafiyar doki na shaɗaranji, darar nan da mutanen Barno na da su ma su ke bugawa suna kiranta tsatsarandi. Ga wata irin tafiyar dokin da na kan ba ɗalibaina a mai gida 5 sau 5. Ka sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga kowace lamba ka sauka gida biyu, ka matsa gida ɗaya dama, ka sa ta gaba. In ka fita ta ƙasa ka shigo ta sama, in ka fita ta dama ka shigo ta hagu. In ka iske gidan da mai shi, sai ka sa lambar a gidan da ke bisa wadda ka rubuta yanzu. Abin da zai fito shi ne:

1  14  22  10  18
25  8  16  4  12
19  2  15  23  6
13  21  9  17  5
7  20  3  11  24

Ku gwada, ko'ina 65 ne. Wanda ya iya faɗa mini dalilin da ya sa tafiyar nan ba ta kuskure, ya same ni a ofis, ina da goro. Malam ya kuma lura cewa in an juya hatimi, ko an kifa shi kamar a madubi, yana nan hatimi, har guda ɗaya ya ba da fuska takwas. Masu karatun aljabara a jami'a sun san juye-juyen nan takwas na murabba'i sarai, sai dai ba kowa ya taɓa gaya musu wani Bakatsine ya yi aiki da su ba.

Ba zan ɓoye muku ba, Malam da mutanen zamaninsa ba don wasa ƙwaƙwalwa kaɗai su ke wannan ilmi ba. Sun ɗauka haruffa da lambobi suna da asirai, suna haɗa su da taurari da neman biyan bukata, malamai kuwa sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wannan. Ni malamin lissafi ne, hukuncin na bar wa masu shi. Abin da na sani shi ne jimlar nan 65 gaskiya ce ko da wace niyya aka rubuta ta. Sai dai ina da ƙorafi guda. Da ya ke an ɗauki ilmin a kan asiri ne, ba a ba kowa, sai ya zama hatimin ya bazu ko'ina cikin ƙasarmu amma hanyar gina shi da dalilinta suka tsaya hannun 'yan kaɗan. Yau za ka sami mai zana hatimi a kusan kowace unguwa, kwafa ya ke yi daga kundi, in lamba guda ta goge ba ya iya mayar da ita. Malamin kwalejin da ke riƙe dalili a cikinsa, ko don rowa ko don shi ma bai sani ba, hanyar nan ya ke bi da ɗalibansa.

A Alƙahira Malam ya fara zama a wata unguwa da a ke kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar, daga baya ya koma gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, uban mai tarihin nan. Shaihu Hasan, wanda kakanninsa daga wajen Habasha suka zo, ya karanci ilmin hatimi da lissafin haruffa wurin Malam. Ba shi kaɗai ne malaminsa na lissafi ba, ya yi karatu wurin waɗansu, amma amincin da ke tsakaninsu ya kai har Malam ya sa shi wasiyyin dukiyarsa da littattafansa. Da ya rasu a 1154, Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai da a ke kira Bustanul Ulama, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bayan wannan da shekara takwas wani abu ya faru wanda ya kamata kowace kwaleji ta riƙa tunawa. Cikin 1749 Sarkin Musulmi na Istambul ya aiko wani gwamna Masar, sunansa Ahmad Basha, mutum mai son lissafi da ilmin taurari. Da manyan malaman Azhar suka zo gaishe shi, ya jawo hira wajen lissafi, sai suka janye, suka ce ba fanninsu ba ne. Abin ya ba shi mamaki, gama ya daɗe yana jin Masar ita ce uwar ilmi. Shugaban Azhar na lokacin, Shaihu Abdullahi Shubrawi, ya gaya masa gaskiya, cewa yawancin mutanen Azhar ba su neman lissafi sai gwargwadon abin da zai kai su ga rabon gado, fannin kuma yana bukatar kayan aiki da kyan hannu wajen zane, almajiransu kuwa galibi talakawa ne daga ƙauyuka. Sa'an nan ya nuna masa gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Gwamnan ya riƙa karatu wurinsa kwana biyu a mako, har ya kai ga sassaƙa agogon inuwa a kan marmara aka kafa a Azhar. Watau babbar makarantar duniyar Musulmi ta cika da malamai, amma da aka nemi mai koyar da lissafi sai da aka fita waje, aka je gidan da Bakatsinen nan ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa.

Littattafansa ba su ɓata ba. An buga Durrul Manzum a Masar, akwai kuma rubutun hannu na aikinsa a kan hatimi a ɗakin karatu na makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka da ke Landan. Malam Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967, sa'an nan wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hanyoyinsa cikin littafinta Africa Counts na 1973, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan ƙasashen waje. Ni kaina, abin kunya, a littafin nan na Turanci na fara cin karo da shi, ba a makarantun da na yi a gida ba.

Wannan zango na sa wa masu digirin da ke hannuna doka guda. Kowa zai sayi littafin rubutu mai kauri, duk darasin da zai koyar ya kwafe shi da hannunsa, ya riƙa tsallake layi uku bayan kowane layi. Cikin filin zai rubuta yadda wannan layi ya haifi na gaba, da kuskuren da ya ke zaton ɗalibai za su yi a wurin, in ya fito daga aji kuma ya ƙara tambayar da aka yi masa da gaske, da jan biro. Sun yi gunaguni, wani ma ya ce ɓarnar takarda ce. Makon jiya shi wannan ɗin ya biyo ni har Bolori bayan la'asar, da littafinsa a hannu, wai akwai wani wuri cikin darasin ran Litinin da ya kwana biyu bai iya cike tsakaninsa ba. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba mu same shi ba sai da aka kira magariba.